Matar uba, mayya da mai haƙori ɗaya: kurakuran masu rubuta wa yara labari

Na gaji. Duk lokacin da sabon marubuci ya turo mini labarin yara in duba masa, tun kafin in buɗe na san wadda zan tarar a shafi na biyu: ko matar uba mai bai wa marainiya ƙanzo, ko tsohuwa mai jajayen idanu a bukkar ƙarshen gari. Yau gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Zan fara da kuskuren da ya taɓa ƙona ni. Labarina na farko a kan matar uba ne. Ban ba ta suna ba, ban ba ta dalili ba, na dai ce kishiyar uwa ce, na ɗauka wannan ya isa. Da aka buga, na kai kwafi gidan yayana, ina ta ɗoki. 'Yarsa tana da shekara takwas lokacin, mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, matar da ya aura daga baya ita ta goya ta, ita ta yaye ta da kunu. Na zauna a tabarma ina karantawa, matar Yaya tana gefe tana tsince shinkafa a faranti. Da na kai inda aka zuba wa marainiya magani a tuwo, yarinyar ta ɗago ta ce, "Gwaggo, ita ma Umma matar uba ce, ko?" Hannun matar ya tsaya cak a cikin shinkafar. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki. Sai da muka shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma har yau ban ga laifinta ba.

Kada wani ya ce mini ai haka tatsuniya ta gada. Na san bora da mowa, da su aka rene ni. Amma mai tatsuniya tana kallon fuskokin yaran da ke gabanta, ta san gidan kowa, tana sassautawa inda ya kamata. Littafi ba shi da ido, gidan da ya ga dama yake shiga. Su ma Turawan da kuke kwaikwaya, ku duba yadda abin ya faro. A bugun farko na tatsuniyoyin da Jacob da Wilhelm Grimm suka tattara a Jamus, na 1812, wadda ta umarci maharbi ya kashe yarinyar da ake kira Snow White uwarta ce ta cikinta. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba. Haka suka yi wa uwar Hansel da Gretel a 1840. Wato an wanke uwa, aka shafa wa matar uba kashin kaji, ku kuma kuka ɗauko kayan ba ku bincika ba.

Abin da nake yi yanzu: kafin muguwa ta shiga labarina, sai na rubuta yininta guda, daga asuba zuwa isha, ba tare da ta cuci kowa ba. Me ta dafa, wa take bin bashi, me take tsoro. Shafin nan ba ya shiga littafi. Idan na gama ban gano abin da take nema ba, gona ce ko sarauta ga ɗanta ko rufin wani tsohon asiri, to ba ni da muguwa tukuna. Sannan in cire kalmar kishiya in sake karantawa. In labarin ya rushe, dama a kan kalmar ya jingina.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don ganganci ne. Muguwa baƙa ƙirin, mai doro, mai haƙori ɗaya, ba ta taɓa haihuwa ba. Yarinyar kirki kuwa fara sol, gashi har gadon baya. Haba jama'a! Yaron da ya karanta wannan zai fita ya ga tsohuwar da ke sayar da daddawa a lungunsu, doronta ɗaya da na littafin. A ƙasar da har yanzu ake nuna tsofaffin mata da yatsa a ce sun kama kurwar yaro, a taru a yi musu duka, kai marubuci kana ƙara wa wutar itace don kawai ka ƙi wahalar tunani. Tatsuniyarmu ma ta fi ku wayo: tsohuwar da ake tararwa a bakin rafi tana neman a cuɗa mata baya, da duk muninta, ita ce mai ba da arziki. Baba Yaga ta mutanen Rasha, mai yawo a sama cikin turmi da taɓarya, wani lokaci ta nemi cinye baƙo, wani lokaci ta nuna masa hanya, kuma rashin sanin wanne za ta yi shi ne abin tsoron. Ni dai muguwata kyakkyawa ce, mai fara'a, mai raba alawa, kowa a unguwa yana yabonta. Yara sun fi ƙanƙame juna idan ita ta yi sallama.

Sauran ƙanana ne. Dariyar "hahaha" a kowane shafi, a rage. Kada ta tsaya tana zayyana wa yarinya shirinta kamar mai karanta labarai a rediyo. Tuffa mai guba da dusar ƙanƙara a labarin da aka ce a Kazaure ya faru, a bar wa masu su, ga ɗanwake ga fura. Tuba farat ɗaya a shafin ƙarshe, ba yaron da ke yarda da ita. Kada kuma don na yi faɗa ku mayar da ita baiwar Allah da ba a fahimta ba, yara suna son abin da zai sa su ja bargo.

Sai hukunci. Su Grimm sun sa wa muguwar labarin Snow White takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa har ta faɗi matacciya a wurin biki. Wani ya taɓa turo mini nasa da aka daka ta a turmi, na yara 'yan aji biyu. Na mayar masa. A nawa labaran, abin da ta yi ta ƙulle-ƙulle a kansa shi take rasawa, a gaban mutanen da ta fi jin kunya, sannan a bar ta da ranta ta ci gaba da zuwa rijiya tare da su.