Yadda ake shan ƙwayar maganin da ke narkewa a hankali

Ba kowace ƙwayar magani ake dakawa ba. Wasu an ƙera su ne don su riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan cikin awa 12 ko 24, kuma dabarar tana jikin ƙwayar kanta. Da zarar an farfasa ta, aikin ya lalace.

Da farko, duba kwalin. In ka ga SR, XR, ER, CR, MR ko LA bayan sunan maganin, mai saki a hankali ne. EC kuwa na nufin an yi wa ƙwayar rufi don kada ta narke sai ta isa hanji.

Na biyu, san irin ƙirar da ke hannunka. Glucophage XR na masu ciwon suga, an cuɗa maganinsa da wani sinadari mai kumbura a ruwa, wato folima, mai suna HPMC. In sinadarin ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, maganin ya riƙa tsatsafowa ta cikinsa. Adalat LA na hawan jini dabararsa daban ce: ƙwayar tana da ɓawo da aka huda wa ɗan rami da hasken leza. Ruwa na ratsa ɓawon, folimar da ke ciki ta kumbura ta riƙa tura maganin ta ramin. Kamfanin ALZA na Amurka ne ya ƙirƙiro wannan tsari. Shi kuma kafson omeprazole na gyambon ciki, 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa suna da rufin da ke kare su daga asid ɗin ciki.

Na uku, haɗiye ta ɗungurungum da ruwa. Kada ka tauna, kada ka daka. Nan ne abin ya fi damuna: tsoho ya kasa haɗiya, sai iyali don tausayi su niƙa ƙwayar su zuba masa a kunu. Maganin yini guda ke nan zai shiga jini lokaci ɗaya. In na hawan jini ne, jinin na iya sauka farat ɗaya, jiri ya kayar da shi.

In haɗiyar ta gagara, koma wurin likita ko mai harhaɗa magunguna a sauya maka da na ruwa ko wata ƙwaya. Ko da akwai layi a tsakiyarta, kada ka raba sai takardar cikin kwalin ta yarda.

Wani lokaci za ka ga ɓawon Adalat LA a bayan gida kamar bai narke ba. Maganin ya riga ya fita, don haka kada ka ƙara shan wata.