Babi na 7: Na'urar da ke gane mutum ta ido

Iyayena da 'yan uwana sannunku da ƙoƙari. Da yawanku kun sha dangwala yatsa a banki na'ura ta ƙi karɓa, ba laifinku ba ne, noma da jima da wanki su ke cinye zanen yatsa. To akwai wata na'ura da ido take dubawa, ita za mu koya a babin ga.

Darasi na 1: Ina take dubawa?

Ɗauko madubi ka matsa wurin haske. Za ka ga fari, can tsakiya kuma ga ɗan ɗigon baƙi, tsakanin farin da ɗigon akwai zobe mai ruwan ƙasa. Wanga zobe shi na'ura ke so. Yana da zane ƙanana-ƙanana kamar saƙar faifai, tun mutum na cikin uwarsa zanen ke fitowa. Na idonka na dama daban, na hagu daban, ko tagwayen da ba a iya rarrabewa nasu bai zama ɗaya ba, ikon Allah.

Darasi na 2: Mi na'urar ke yi?

Tana haska ido da wani haske mara ƙarfi wanda ido bai ganinshi sosai, shi ke fito da zanen ko da ido baƙi ne irin namu. Kyamara ta ɗauki hoto, kwamfuta ta ware zoben ta zubar da wurin da fatar ido da gashin ido suka rufe, sannan ta mayar da zanen lambobi, 0 da 1 kawai har guda 2048. Wani malami a jami'ar Cambridge ta Ingila, John Daugman, shi ya fito da lissafin ya yi mashi rajista a 1994. Zuwan farko ana aje lambobin da sunanka, in ka dawo a ɗauki sabo a gwada da na aje. In mutum biyu ne daban, wajen rabin lambobin za su saɓa, in kai ne kaɗan za su saɓa, sai ta ce kai ne.

Darasi na 3: Buɗe ido

Nan ne ake faɗuwa, don Allah a natsu. Cire tabarau in an ce ka cire. Tsaya inda aka nuna maka. Ɗaga kai. Buɗe ido sosai, ka kalli tsakiyar gilashin na'urar, kar ka motsa har ma'aikaci ya ce ya yi.

Mu sake. Buɗe ido sosai. Ka tuna darasi na 2, duk wurin da fatar ido ta rufe kwamfuta zubar da shi take yi, in ka runtse rabin zoben ya tafi, da mi za ta gane ka? Ƙifta ido tun kafin ka matsa, in ka matsa ka buɗe ka ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, ukku. In ta ƙi ba komai, ja baya ka huta ka sake, kowa haka yake yi da farko.

Inna, na san tarbiyyarmu ce sunkuyar da kai gaban namiji, amma nan na'ura kike kallo, sunkuyawa gashin ido yake saukowa da shi ya rufe zoben. Gyara hijabi ya bar girar ido a fili, ɗaga kai, buɗe ido. Baba kai kuma ka daina kallon ma'aikaci kana gaisuwa ana tsakar ɗauka, gaisa tukuna sannan ka kalli gilashi.

Sai masu cewa hasken zai kashe masu ido, haba jama'a! Na faɗa na maimaita hoto kawai ake ɗauka, babu abin da ke cutar da ido, amma mutum da gemunshi sai ya zo gaban na'ura ya damƙe ido ya tsaida layi cikin zafin nan na Sakkwato kuma ya fita yana cewa na'ura ta lalace. Wanda bai gwada a madubi ba kar ya wuce darasi na gaba. Ɗaga kai, buɗe ido, kalli tsakiya, ƙirga ukku. Yi shi sau 10 yau.

Darasi na 4: Ina ake amfani da ita?

Indiya ta yi wa sama da mutum biliyan 1 rajistar ɗan ƙasa da ta haɗa da ido. A Jodan 'yan gudun hijirar Siriya sun fara sayen abinci da ido tun 2016.

Darasi na 5

In an yi maka aikin yanar ido bayan rajista, faɗa wa ma'aikaci. Kar ka ba kowa idonka sai ka tambayi wace hukuma ce kuma mi za a yi da shi.