Kurakuran da aka fi yi wajen karanta sana'a a tsofaffin takardun ƙidayar Ingila

Mai bin diddigin kakanninsa a takardun ƙidayar Ingila da Wales, daga ta 1841 zuwa ta 1921, a gurbin sana'a ya fi yin tuntuɓe. Kuskure na farko shi ne dogara da abin da aka buga a Ancestry ko Findmypast, dandalin intanet na binciken asalin iyali. Mutum ne ya kwafo shi, kuma ido kan yaudari kowa. Ka buɗe hoton shafin da kanka.

Shi ma hoton, in na kafin 1911 ne, ba rubutun mai gidan ba ne. Malamin ƙidaya ne ke karɓar takardar kowane gida ya juye ta cikin littafinsa, don haka hannunsa za ka koya. Manyan baƙaƙen L da S suna kama da juna ƙwarai a rubutun lokacin, har "Sawyer", mai tsaga katako, yakan koma "Lawyer", wato lauya. Ka nemi wata Sarah ko wani Samuel a shafin, ka ga yadda malamin ke lanƙwasa S ɗinsa, sannan ka kwatanta. Ka duba maƙwabta kuma. In layin duk kafintoci ne da leburori, da wuya lauya ya zauna a tsakaninsu. A ganina wannan dubawar ta fi kowace dabara amfani, amma ita aka fi tsallakewa. Akwai kuma doguwar s mai kama da f, wadda ke sa "Dressmaker", mai ɗinkin kayan mata, ta fito kamar "Drefsmaker".

Taƙaitattun kalmomi haddace su ake yi. "Ag Lab" ɗan ƙwadagon gona ne, "F.S." 'yar aikin gida, "Ind." mai ci daga dukiyarsa ba tare da sana'a ba. "Do" ba sana'a ba ce, tana nufin daidai da ta layin sama. Yaron da aka rubuta wa "Scholar" ɗan makaranta ne kawai, kada ka mai da shi shehin malami.

Wasu kan ga an ja layi a kan sana'a su ɗauka soke ta aka yi. Galibi akawunan da ke tattara lissafi a Landan ne suka yi alamar sun ƙirga ta, wani lokaci har su ƙara kalma da wani hannu daban. Abin da ke ƙarƙashin layin shi ne naka.

Sunan sana'a ma yakan sauya ma'ana. Baƙin da suka zo daga Afirka ta Yamma, Somaliya ko Yemen suka zauna a Liverpool da Cardiff, in an rubuta musu "Fireman", yawanci masu zuba kwal ne a injin jirgin ruwa, ba 'yan kwana-kwana ba.

Kalmar da ta gagare ka, nemi mutumin a ƙidayar shekara goma baya ko gaba, inda wani malamin ne ya rubuta. Bayan 1921 sai rajistar 1939, wato rajistar jama'a da aka yi a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, domin takardun 1931 sun ƙone a gobarar 1942, kuma ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi.