Yadda ake shan maganin kumburin ƙashin baya na tsawon lokaci ba tare da ya ci maka ciki ba

Akwai ciwon ƙugu da ba na ɗaukar kaya ba ne. Ka tashi asuba bayanka a sandare kamar katako, sama da minti 30 kafin ya saki, in ka motsa ya yi sauƙi, in ka zauna gosulo ya riƙe ku a danfo daga Agege zuwa Obalende ya dawo sabo. Likitoci suna ce masa ankylosing spondylitis, yawanci yana kama mutum kafin shekara 45. Maganin farko shi ne irin su naproxen, diclofenac, ibuprofen ko celecoxib, kuma wasu shekaru za su yi suna sha.

Farko dai ka je a tabbatar shi ne. A Legas, asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk suna da likitocin gaɓɓai. Kafin ka fara a auna jininka, a gwada ƙoda, ka faɗi in kana da olsa, asma, ciwon zuciya, ko kina da ciki.

Sai ka riƙe guda ɗaya tak daga cikin magungunan nan. Nan ne mutanenmu ke kwafsawa wallahi, mutum na kan naproxen na asibiti, da yamma ya dawo daga kasuwar Mile 12 jiki duk ya mutu sai ya tsaya kemis a haɗa masa na ciwon jiki, ciki akwai diclofenac da ibuprofen, wani lokacin har prednisolone, bai ma san sunansu ba. Biyu ba sa ƙara sauƙi, cikin kawai suke ci. In ciwon kai ne, paracetamol ya isa.

Ka sha bayan ka ci abinci, ba a kan shayi zalla ba. Ka tambayi likita ko zai haɗa maka da omeprazole don kare ciki. Ruwa kuma ka sha sosai, zafin Legas da zufa da wannan magani ƙoda ce ke shan wahala, shi ya sa batun azumi ku yi shi da likita tun cikin Sha'aban, ba ranar da aka ga wata ba.

Kar ka yanke hukunci a kwana uku. Ana ba kowane magani kamar sati 2 zuwa 4, in bai yi ba a canza wani. Iri biyu suka gaza, sai a fara maganar allurai irin su adalimumab, masu tsada ne gaskiya, kuma sai an yi gwajin tarin tibi tukuna.

Ka riƙa komawa gwajin ƙoda da awon jini ko da kana jin garau. Motsa jiki kullum, taba kuma a ajiye ta. Ranar da ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko ƙafa ta kumbura, ajiye maganin ka wuce asibiti a ranar, kar ka jira ranar kilinik ɗinka.