Yadda ake gano waƙar da ta fara kai mawaƙin kantiri matsayi na ɗaya

Mutanen da suka tashi suna jin Don Williams da Dolly Parton a gidajen rediyon Najeriya sukan ɗauka cewa waƙar da aka fi saka musu ita ce ta fara ɗaukaka mawaƙin a Amurka, alhali galibi ba haka abin yake ba. Mai son tabbatarwa sai ya koma ga jadawalin mako-mako na mujallar Billboard mai jera waƙoƙin da suka fi karɓuwa, domin shi ne ma'aunin da aka fi kafa hujja da shi a Nashville, cibiyar wannan kiɗa na kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka.

Da farko a tantance jadawalin da ake nufi, domin a nan aka fi yin kuskure. Billboard ta fara lissafa irin waɗannan waƙoƙi a 1944, tana duba waɗanda aka fi zaɓa a akwatunan kiɗan da ake jefa wa tsabar kuɗi a gidajen abinci. Daga baya aka ƙara jadawalin cinikin faifai a kantuna da na waƙoƙin da aka fi sakawa a rediyo, aka daina na akwatunan kiɗa a 1957, kuma sai a watan Oktoba na 1958 aka haɗe sauran biyun wuri guda. Don haka idan mawaƙin ya yi fice kafin wannan shekara, kamar Johnny Cash da "I Walk the Line" a 1956, ya kamata a faɗi wane jadawali cikin ukun waƙar ta hau. A 2012 kuma aka sake raba hanya: babban jadawalin ya koma haɗa sakawa a rediyo da ciniki da sauraro ta intanet, aka ware wani na rediyo kaɗai, har ta kai sabon mawaƙi yana iya zama na ɗaya a wannan bai zama a wancan ba. Kada kuma a haɗa jadawalin kantiri da Hot 100 na dukkan nau'o'in waƙa, wanda Dolly Parton ba ta hau samansa ba sai a 1981.

Sai a bambanta wanda ya rubuta waƙa da wanda ya rera ta. A Nashville sana'o'i biyu ne, kuma sunan mai rerawa jadawalin yake ɗauka. Willie Nelson ne ya rubuta "Hello Walls", wadda ta kai matsayi na ɗaya a 1961 da muryar Faron Young, amma shi kansa bai samu tasa ba sai a 1975, da "Blue Eyes Crying in the Rain", wadda ma Fred Rose ne ya rubuta ta. A ganina, mai rubuta tarihin irin wannan mutum ya ambaci shekarun biyu, domin tazarar shekara 14 da ke tsakaninsu tana nuna daɗewar da ya yi yana ci da alƙalami kafin a karɓi muryarsa.

Haka nan a ware abin da mawaƙi ya yi cikin ƙungiya da wanda ya yi shi kaɗai. Don Williams ya yi waƙa tare da Pozo-Seco Singers tun shekarun 1960, amma ta farkonsa a saman jadawalin kantiri ita ce "I Wouldn't Want to Live If You Didn't Love Me" a 1974.

Batun kwanan wata yana buƙatar lura. Ranar fitar faifai daban, ranar hawa saman jadawali daban: "Joshua" ta Dolly Parton ta fito a ƙarshen 1970, ta zama ta ɗaya a watan Fabrairu na 1971, kuma shekara ta biyun ce ake rubutawa. Littattafan Joel Whitburn sun jera waƙoƙin kowane mawaƙi tare da matsayin da kowacce ta kai, sannan akwai tsofaffin kwafin Billboard da dama a Google Books, inda za a buɗe shafin makon a ga sunan waƙar da ido kafin a rubuta.