Yadda za ka gane kalmomin Turanci masu farawa da un

Masu shirin rubuta WAEC da JAMB a nan Kaduna, wannan abin kusan kullum sai ya fito, kuma ba wuya gare shi ba.

Da farko ka sa yatsa ka rufe un ɗin, ka duba abin da ya rage. In kalma ce da ka sani, to ma'anar juyewa ta yi kawai. Happy mai farin ciki ne, unhappy mara farin ciki, safe inda babu haɗari, unsafe inda akwai. Amma in aikatau ne, un ɗin warware aikin yake yi, lock ka kulle, unlock ka buɗe, shi ne wanda masu gyaran waya ke ta ambata kullum.

Sai dai fa a kula, ba kowane un ne na korewa ba. Uncle, under, until duk ba ruwansu da wannan dokar, university da uniform kuma uni ne a gabansu mai nufin ɗaya.

Ɗan'uwan un, wato in na Turanci, yana canza kama, gaban p ko m ya koma im kamar impossible, gaban l ya koma il, gaban r kuma ir, illegal da irregular kenan. Wanda ya fi rikita mutane shi ne inflammable da ake rubutawa jikin tankar mai, za ka ga irinsu a hanyar Zariya, ba wai ba ya kamawa da wuta ba ne, nufinsa saurin kamawa, don haka ka ja baya da ashanarka.