Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Mota Kulle Kanta Idan Waya Ce Makullinta

Motar da ake buɗewa da waya ba ta kulle kanta don kawai mai ita ya ba ta baya. Sai ta tabbatar da abu uku: ƙofofi da but sun rufu ruf, direba ya fita, kuma makullin da ta gani a waje ya yi nisa ba tare da an bar wani makulli a ciki ba. Ko ɗaya cikin ukun ya kuskure, haka za ta kwana a buɗe. Galibi ba wani abu ne ya lalace ba, sharaɗi ne bai cika ba. Saboda haka kada ka fara da goge manhajar motar da ke wayarka ko kai mota wurin gyara. Fara da abin da ba ya cin ko sisi.

Mataki na 1: San irin makullin da ke cikin wayarka

Hanyoyi uku ne waya ke magana da mota, kuma ba dukansu ne ke kulle mota da kansu ba.

NFC, wato hanyar da na'urori biyu ke magana idan an kara su da juna, tana aiki ne a tazarar da ba ta wuce santimita 4 ba. Sai ka kara wayar a hannun ƙofa kafin ta buɗe ko ta kulle. Makullin da BMW da Apple suka fito da shi a 2020 irin wannan ne. Idan naka NFC ce kaɗai, babu abin gyarawa: ba a yi shi don ya kulle mota daga nesa ba. Haka ma katin makullin Tesla. Duk ranar da ka tuƙa da kati, to da kati za ka kulle, ta hanyar kara shi a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya a ɓangaren direba.

Bluetooth mai ƙarancin cin batir ita ce Tesla ta fara amfani da ita a Model 3, kuma ita Ford ke amfani da ita a Mustang Mach-E. Mota tana ƙiyasta nisanka ne daga ƙarfin sigina. Ƙiyasi ne, ba awo ba, kuma daga nan yawancin rigimar ke tasowa.

UWB kuwa, wata siginar rediyo ta gajeren zango, tana auna lokacin da sigina ta ɗauka ta je ta dawo, don haka tana gane inda waya take da kuskuren da bai fi 'yan santimita ba. Ta shiga ƙa'idar makullin mota na waya da ake kira Digital Key 3.0 a 2021. Sai motar da wayar duka suna da ita take aiki. A iPhone ta fara daga iPhone 11, ban da wasu samfura irin su SE. A Android kuwa manyan samfuran Samsung da Pixel ne suka fi zuwa da ita.

Mataki na 2: Yi gwaji mai tsabta

Ajiye motar a fili, nesa da gida da wurin aiki. Fitar da duk wani rimot, kati, agogon hannu mai haɗi da waya, da wayar kowa. Fita ta ƙofar direba, rufe ta da kyau, riƙe wayar a hannu, ka yi tafiyar mita 15 zuwa 20 ba tare da tsayawa ba. Kalli alamar kullewa: fitilun sigina su ƙifta, madubin gefe ya naɗe, ko hon ya ɗan yi ƙara. Idan motar tana da zaɓin ƙarar tabbatar da kullewa, kunna shi tun yanzu ka bar shi a kunne har abada.

Kada ka koma ka ja hannun ƙofa da wayar a jikinka don ka gani ko ta kullu. Tana ganinka za ta buɗe, ka ɗauka ba ta taɓa kullewa ba. Duba cikin manhaja daga nesa, ko ka sa wani marar makulli ya ja.

Maimaita sau uku. Sannan ka sake yi da wayar a aljihun baya ko cikin jaka. Idan ta kulle a fili amma ta ƙi a gida, laifin wuri ne ko saiti. Idan ta kulle da wayar a hannu ta ƙi da ita a aljihu, laifin sigina ne. Idan ta ƙi ko ta yaya, sai a dubi ƙofa ko izinin manhaja.

Mataki na 3: Duba saitin motar

A allon motar shiga wurin saitin makullai ka tabbatar kulle-kai, wato saitin da ke sa mota ta kulle kanta idan ka tafi, yana kunne. Tesla na kiransa Walk-Away Door Lock. A ƙarƙashinsa akwai zaɓin cire gida daga ciki, wanda idan an kunna shi motar ba za ta kulle a adireshin da aka ajiye a matsayin gida ba. Mutane da yawa sun kunna shi sun manta.

A motoci da yawa saitin yana bin bayanan kowane direba ne. Idan mutum biyu ke tuƙa motar, mai yiwuwa yana kunne a sunan ɗaya, a kashe a sunan ɗayan. Sai a duba kowanne.

Akwai kuma yanayin da ke dakatar da kulle-kai da gangan. A Tesla yanayin wankin mota da yanayin kwana a mota duk suna yin haka. Sannan akwai wata ƙa'ida da ba kowa ya sani ba: idan ka fita ka rufe ƙofofi amma ka tsaya kusa da motar na 'yan mintuna, kana hira ko sauke kaya, motar na ɗauka kana nan tare da ita, sai ta fasa kullewa ko da ka tafi daga baya. A irin wannan hali da hannunka za ka kulle. Haka nan idan direba ya fita ta ƙofar fasinja, motar ba ta lissafa ya fita ba.

Mataki na 4: Ƙofa, but da bonet

Sakatar ƙofar mota tana kamawa hawa biyu. A hawa na farko ƙofa tana kama da rufaffiya amma kwamfutar motar tana ganinta a buɗe. Bel ɗin kujera da ya maƙale, gefen tabarmar ƙasa, ko kaya da suka tokare murfin but sun isa su jawo haka. Dubi hoton motar a allo, zai nuna wadda ba ta rufu ba. Idan allon ya nace wata ƙofa a buɗe take alhali ka buga ta da kyau, ɗan makunnin da ke cikin sakatar ne ya kasa. Wannan sai an canza sakatar, babu saitin da zai gyara shi.

Mataki na 5: Nemo makullin da ya ɓuya a ciki

Mota ba za ta kulle makullinta a ciki ba muddin tana ganinsa. Tsohuwar waya da aka bari a aljihun gaban mota don kiɗa, wayar maiɗaki ko maigida a cikin jaka, rimot na ajiya a ƙarƙashin kujera, duk makullai ne. Buɗe jerin makullan da ke allon motar ka goge duk wanda ba a amfani da shi, musamman na wayoyin da aka sayar ko aka canza. Idan dole a bar waya a mota, a kashe mata Bluetooth.

Akwai kishiyar wannan, kuma ta fi ciwo. Ka bar wayarka a kujera, cajinta ya ƙare ko haɗin ya yanke, motar ta ɗauka makulli ya tafi, ta kulle da wayar a ciki. Shi ya sa katin makulli ya kamata ya zauna a aljihunka, ba cikin mota ba, ba kuma a bayan rigar wayar ba.

Mataki na 6: Hana wayar kashe manhajar

Nan ne aikin ya fi yawa. Kulle-kai yana buƙatar manhajar motar ta ci gaba da aiki a ɓoye ko da allon waya a kashe yake, ita kuwa waya kullum neman abin da za ta kashe take don ta tanadi batir.

A Android shiga bayanan manhajar, ka mai da amfani da batir zuwa marar iyaka. Ba ta izinin wuri na kowane lokaci, da izinin na'urorin da ke kusa, wanda aka raba shi daban tun Android 12. A Samsung duba jerin manhajojin da aka sa barci ka cire ta daga ciki. A Xiaomi da ire-irenta kunna mata izinin tashi da kanta. Akwai kuma saitin da ke janye izini daga manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba, kashe shi.

A iPhone sa izinin wuri a kan koyaushe, kunna ainihin wuri, ba manhajar izinin Bluetooth, ka kuma bar ta ta riƙa sabunta kanta a ɓoye. Yanayin tanadin batir yana rage wannan aikin, don haka gwada ba tare da shi ba.

Ɗabi'ar share duk manhajoji daga jerin waɗanda aka buɗe tana kashe makullin. A daina yi wa ta motar haka.

Wani abin da ke ruɗa mutane: haɗin Bluetooth na kiɗa da amsa kira daban yake da na makulli. Kiɗa na iya tashi lafiya lau alhali makullin bai haɗu ba. Cikin manhajar motar za ka ga ko an rubuta makullin waya yana haɗe. Masu UWB su tabbatar ita ma tana kunne, don yanayin jirgin sama yana kashe ta.

Mataki na 7: Abin da ke tare sigina

Bluetooth tana tafiya a kan gigahaz 2.4, kuma ruwan da ke jikin mutum yana shanye wannan sigina. Waya a aljihun baya, kai kana fuskantar mota, jikinka ne ya zama bango. Rigar waya mai ƙarfe, jakar da ke ɗauke da kwamfuta, da baƙin gilas mai haɗin ƙarfe duk suna rage ƙarfinta. Caja mai arha ko kyamarar gaban mota ma kan watsa hayaniya a wannan zango. Zare su ka sake gwajin mataki na 2.

Idan motar tana kwana a jikin ɗakin da wayar ke kwana, tana iya ci gaba da jin wayar ta cikin bango, ta ƙi kullewa, ko ta yi ta buɗewa da kullewa. Matsar da wurin ajiye wayar, ko ka kulle da manhaja. Ga masu Bluetooth kaɗai, yana da kyau a kunna lambar sirri ta tuƙi in motar tana da ita, domin a 2022 kamfanin tsaro na NCC Group ya nuna ana iya miƙa siginar waya daga nesa a buɗe Tesla Model 3.

Mataki na 8: Sake haɗawa daga tushe

Bi wannan tsari, kuma ka tabbatar kati ko rimot yana hannunka kafin ka goge komai, in ba haka ba za ka rasa hanyar tada motar. Kashe wayar ka kunna. Sabunta manhajar da tsarin wayar da na motar. Sake tada allon motar: a Tesla ana danne ƙwallayen sitiyari biyu har allon ya yi baƙi. Idan bai yi ba, goge makullin wayar daga allon motar, cire motar daga jerin Bluetooth na waya, goge manhajar ka sake sauke ta, ka amince da duk izinin da ta nema, sannan ka yi sabon makulli kana zaune cikin motar.

Daga nan gwada da wata waya daban. Idan ita ta kulle, matsalar a wayarka take. Idan ita ma ta ƙi, auna ƙaramin batirin motar, ba babban da ke tafiyar da motar lantarki ba, bayan ta huta na 'yan awanni. Batirin dalma mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6, ƙasa da 12.0 kuwa ya yi rauni, kuma na'urorin makulli suna cikin masu fara rikicewa. Wannan awo bai shafi sababbin Tesla masu ƙaramin batirin litiyam ba. Idan batir lafiya yake, kuma ka lura wani gefe ɗaya ne na motar ba ya gane waya, musamman bayan an yi gyaran bamba, madubi ko ƙofa, to wata eriya ce cikin waɗanda motar ke jin waya da su aka bari ba a jona ba ko ta mutu. Kai wa dila, ka faɗa masa gefen da kuma sakamakon gwaje-gwajen da ka yi, don ya sa na'urar bincike a kan wannan eriyar kai tsaye.